Kafin A Ce Wa Yaro "Shiga Ƙarƙashi"

Daga Rimin Gado zuwa Kabo, daga Kabo zuwa Gwarzo har ka miƙe Dayi, da wuya ka yi tafiyar minti goma ba ka ga mota a gefen titi an cire mata ƙafa ɗaya ko biyu ba. Wata an ɗora ta a kan bulo, wata a kan dutse, wata a kan tsohon rim, wata kuma jak ne kaɗai ke riƙe da ita, shi ma ya ɗan karkace. In ka ƙara dubawa da kyau za ka hangi ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashi, cikin silifas, kuma galibi na yaron da bai wuce shekara 15 ba. Mun saba gani har mun daina gani. Sabo turken wawa.

Ni ɗalibin sashen gini ne, amma a gareji na tashi. Kawuna bakanike ne a wajen Kabo, kuma tun ina firamare duk hutun duniya a wurinsa nake yi, ina miƙa sifana, ina wanke noti da fetur, ina ɗebo ruwa. Saboda haka abu biyu na sani daidai gwargwado: na san mota, na kuma san bulo. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne inda waɗannan biyun suke haɗuwa, domin a nan ne ake karya yaran mutane.

Abin da ya taso da maganar wata gardama ce da muka yi a hostal. Wani abokinmu da ya gaji tsohuwar Golf daga yayansa yana son ya cire tayoyinta huɗu ya kai a yi wa rim ɗin fenti, ya bar ta haka har mu dawo daga hutu. Sai ya nuna mana bidiyo a wayarsa, wata motar tsere a Amurka an ɗora ta a kan wasu tubala na soso, tana zaune daram. Ya ce shi ma haka zai yi, ai akwai farin soson nan mai tauri da ake kunso firji da talabijin a cikinsa, kyauta ma zai samu a shagon masu kayan wuta. Ɗaki ya ɗauki dariya. Wani ya ce, "Haba malam, soso? Ka je ka samo bulo huɗu kamar yadda kowa ke yi mana." Kowa ya ce ƙwarai, bulo dai. Ni kuwa na ce duk su biyun ba su da gaskiya, kuma in aka matsa mini, na mai bulon ya fi ba ni tsoro.

Bari mu fara da soson, don a yi masa adalci. Soso ba abin rainawa ba ne. Tun 1972 injiniyoyin ƙasar Nowe suka fara jera manyan tubalan irin wannan farin soso a ƙarƙashin titi kusa da Oslo, a wurin da ƙasa ke da laushi tana nutsewa, aka zuba ƙasa da kwalta a sama, manyan motoci suna bi. Har yau ana yin haka a ƙasashe da yawa. Waɗanda abokina ya gani a bidiyo su ma gaskiya ne, ana sayar da su. Amma soso ne na musamman, mai nauyi, an lulluɓe shi da wata fata mai tauri, an rubuta iyakar nauyin da zai ɗauka a jikinsa. Babban abin da bai lura da shi ba kuwa shi ne, motar da tayoyinta take zaune a kai. Taya ce ke taka soson, ba ƙarfe ba.

Ga inda lissafin da muke gudu a aji yake da rana. Ɗauki ƙaramar mota mai nauyin kilo 1,200. Da yake inji a gaba yake, wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyin a gaba yake sauka, wato kowace ƙafar gaba tana ɗauke da kilo 360, mu ce 400 in an haɗa da tarkacen ciki. Kilo 400 kusan Newton 4,000 ke nan. Inda taya ke taɓa ƙasa bai fi faɗin hannun babban mutum ba, mu ce santimita 12 sau 15. In ka raba, kowace murabba'in milimita tana ɗaukar Newton 0.22, wanda shi ne dai 32 ɗin nan da mai faci ke nuna maka a gejinsa. To, yanzu cire tayar. Abin da zai zauna a kan tubalin shi ne bakin ƙarfe, ko gefen faifan birki, ko siririn haɓar nan da ke ƙarƙashin ƙofa, mai kaurin milimita 5 da tsawon kamar milimita 50. Nauyi bai ƙaru da ko kilo ɗaya ba, amma yanzu kowace murabba'in milimita tana ɗaukar Newton 16. Ya ninka fiye da sau 70.

Raƙumi ya fi ka nauyi nesa ba kusa ba, amma yana tafiya a kan rairayi ba ya nutsewa, kai kuwa in ka dogara sanda sai ta lume. Sirrin a faɗin tafin ƙafa yake. Soson kunshin firji yakan fara lotsewa tun nauyi bai kai Newton 0.1 a kan murabba'in milimita ba, don haka ko da taya ma zai lotse, balle bakin ƙarfe, wanda zai yanka shi kamar wuƙa a kan tuwo. Ga kuma wani abu da kowane ɗan ƙauye ya sani: wannan soson da fetur ake narkar da shi a liƙe rufin kwano mai yoyo. Ka ɗauki abin da fetur ke narkarwa ka sa a ƙarƙashin tsohuwar Golf mai ɗigar da mai? Magana ta ƙare.

Amma aƙalla soso mai gaskiya ne. Kana ganinsa ka san ba shi da ƙarfi, kana sauke mota a kansa za ka ga yana lotsewa, babu mai hankalin da zai cusa kai a ƙarƙashi. Bulo shi ne munafuki. A ido dutse ne, a hannu ga nauyi, ga shi da shi ake gina bene. Wannan kamannin ne ke yaudarar mutane.

Mu 'yan gini mun san abin da bulo yake. Yashi ne da siminti da ruwa, da rami biyu a ciki. Ƙa'idar hukumar SON, wato NIS 87, ta ce bulon da zai ɗauki nauyin gini kada ƙarfinsa ya gaza Newton 3.45 a kan murabba'in milimita, wanda ba ya ɗaukar nauyi kuma 2.5. Ku tuna bakin ƙarfen nan namu 16 yake bayarwa, wato ya ninka ƙarfin bulo mai inganci fiye da sau huɗu. Kuma wannan in an bi ƙa'ida ke nan. Duk wanda ya yi SIWES a wurin gini ya ga yadda ake sauke bulo daga mota, ana saukewa ana ware fasassu gefe guda. Ya ga yadda ake jan buhun siminti ɗaya har ya haifi bulo fiye da ƙima, a busar da shi a rana ba tare da an yi masa ban ruwa yadda ya kamata ba. Wani in ka murza gefensa da babban yatsa sai yashi ya zubo. A jikin bango yana iya daurewa, don kwaɓin siminti ya shimfiɗe nauyi a duk fuskarsa, ga 'yan'uwansa hagu da dama suna tallafa masa. A ƙarƙashin mota shi kaɗai ne, nauyi kuma a wuri ɗaya yake sokarsa. Abin da ya fi muni, yawancin masu sa shi kwantar da shi suke yi, ramukan suna kallon gefe, don ya ba su fuska mai santsi. A haka kuwa mota tana zaune ne a kan ɓawon da bai fi kaurin yatsa biyu ba, ƙarƙashinsa iska.

Kuma bulo ba ya sallama. Wannan na gani da idona ina ɗan shekara 13, a wani gareji da ke kallon na Kawu. Damina ce, an kawo wata Sharon ta haya za a canja mata boris na gaba. Direba yana tsaye yana ta duba agogo, don fasinjojinsa suna zaune a gindin darbejiya suna jira. Aka ɗaga ta, aka jera bulo biyu 'yan inci shida ɗaya kan ɗaya, aka zare jak ɗin aka kai wa wata motar, don jak ɗaya ne a garejin. Wani ƙarfe ya cije, sai ogan ya ce wa ƙaramin yaronsa ya shiga ya riƙe masa ta ciki shi kuma ya buga. Bugu na farko lafiya, na biyu lafiya. A na uku sai muka ji tas, kamar an fasa tulu, ƙura ta tashi, motar ta durƙusa. Babu ƙara kafin nan, babu tsagewa, babu komai. Abin da ya tsaya tsakanin yaron nan da mutuwa shi ne tayar da aka cire, wadda wani ya shura da ƙafa don ta ba shi hanya, rabinta ya shige ƙarƙashin motar. A kanta bodin ya sauka. Ƙirjinsa ya tsira, hannunsa na dama bai tsira ba. Aka yi asibiti da shi, daga can aka tura su Asibitin Ƙashi na Dala. Har yau yana nan garin, yana sayar da rake, yatsu uku ba sa lanƙwasuwa.

Abin da ya tsaya mini a rai ba ƙarar ba ce, maganar da aka yi ta yi bayan nan ce. Kowa ya zo jaje sai ya ce tsautsayi ne, ba a sa masa rana. Washegari aka share garin bulon, aka samo wasu biyu sababbi.

Kawu shi bai taɓa shiga aji ba, bai san wani Newton ba, amma bulo ba ya kwana a garejinsa. Abin da yake da shi gumagumai ne na ƙirya da maɗaci, an sassaƙe su sama da ƙasa sun zauna daram, sun yi baƙi da shan baƙin mai, wasu sun girme ni. Da na fara karatu na taɓa ce masa, "Kawu, ka san a lissafi ma kana da gaskiya a kan bulon nan." Ya yi dariya ya ce, "Injiniya ke nan. Ni ban san lissafinku ba. Abin da na sani, itace kafin ya ci amanarka sai ya yi maka kuka. Bulo kuwa sai dai ka ji ana salati." Duk abin da malaminmu ya shafe mako biyu yana bayani a kan bambancin abin da ke lanƙwasa kafin ya karye da wanda ke tarwatsewa farat ɗaya, ga shi Kawu ya dunƙule shi a jimla biyu. Itace in nauyi ya yi masa yawa sai ya fara ƙara, ƙarfen ya ɗan lume a jikinsa, kuma wannan lumewar ma riƙo ce, tana hana zamewa. Shi ya sa ma'aikatan ceto a ƙasashen duniya, in za su tallafe motar da ta kife ko bangon da ya faɗo, katako suke jerawa, biyu a tsaye biyu a gicciye, hawa-hawa. Sharaɗi dai itacen ya zama busasshe, mai ƙwari, babu gara babu tsaga, a kwantar da shi kada a tsayar, kuma tsayin jerin kada ya wuce ninki biyu na faɗinsa.

Wani zai ce to a bar ta a kan jak mana. Jak aikinsa ɗagawa, ba riƙewa ba. Mai amfani da mai ɗin nan, duk ƙarfinsa ya dogara ne a kan wata 'yar roba da ke hana man komawa baya. In ta tsufa, ko yashi ya shiga, sai ya riƙa sauka a hankali ba ka sani ba, ko ya saki gaba ɗaya. Ɗan ƙaramin mai zaren nan da ke zuwa a but kuwa, an yi shi ne don ka canja taya a hanya, kana tsugune a gefe, ba don wani ya shiga ƙarƙashi ba. Gindinsa bai fi tafin hannu ba. Tirela ɗaya in ta wuce da gudu a hanyar Gwarzo, iskarta kaɗai ta isa ta girgiza shi. Ƙasarmu kuma ga ta da yashi: da damina ta jiƙe gindin jak ya lume ta gefe ɗaya, da bazara kwalta ta yi laushi ya nutse a ciki. Abin da aka ƙera takanas don wannan aiki shi ne turken ƙarfe mai ƙafa uku ko huɗu, wanda ake kira jak-sitan. Shi ma ba a sakankancewa da shi. A 2020 wani kamfanin Amurka mai suna Harbor Freight ya janye irin waɗannan turaka sama da miliyan ɗaya da rabi daga hannun jama'a, saboda an gano haƙorin da ke riƙe su yana iya zillewa. Darasin shi ne kada ran mutum ya rataya a kan abu ɗaya, ko mene ne shi.

Ga yadda na ga Kawu yana yi, kuma bai taɓa tsallake ko ɗaya ba ko da direba zai yi ta hura hanci. Da farko wuri: ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, ba gangara ba. In yashi ne sai ya sa faffaɗan katako a ƙarƙashin jak. Sai a sa giya, a ja hambirki, sannan a sa waigi gaba da baya a tayar da za ta zauna a ƙasa. Waigin nan ba ado ba ne. Hambirki tayoyin baya kaɗai yake kamawa, in ka ɗaga baya ya tashi aiki. Sai a sassauta notin taya tun motar tana ƙasa, don kokawa da wilsifana a kan motar da ke sama shi ke tunkuɗe ta. Sai a sa jak a inda kamfani ya ƙarfafa don haka, ba a gindin inji ko tankin mai ba. In ta tashi sai a tura gungume ko turke a ƙarƙashin ƙarfe mai ƙwari, a sauke motar a hankali har ta zauna a kai, a bar jak ɗin yana ɗan taɓawa a matsayin mataimaki. Tayar da aka cire kuma a kwantar da ita a ƙarƙashin ƙofa. Lambar nan 195 da kake gani a jikin taya faɗinta ke nan a milimita, wato kusan santimita 20. Wannan ɗan tazarar ita ce ta bar wa yaron can numfashi. Daga ƙarshe Kawu zai dafa motar da hannu biyu ya jijjiga ta da ƙarfi. Yakan ce, "In za ta faɗi, ta faɗi yanzu ina tsaye." Duka-duka abin bai fi minti biyar ba.

In kuma, Allah ya kiyaye, ta faɗa wa mutum, kada a kama ƙafarsa a ja. A ɗaga motar da jak, ana ɗagawa ana cusa katako, sannan a zaro shi a hankali ba tare da an lanƙwasa masa wuya ko baya ba. Ko ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, don jinin da ke zuba a ciki ba a ganinsa. In a kan hanya ne, lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce. Mu tuna daga Gwarzo zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 70 ce, ga wanda ƙirjinsa ya danne kuwa wannan tafiya ce mai nisan gaske.

Na san abin da wasu za su ce: talauci ne, bakanike da ƙyar yake haɗa na cefane, ina ya ga kuɗin turke? Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Gungumen itace bai fi bulo tsada ba in ka lissafa shekarun da zai yi. Tura taya ƙarƙashin mota kyauta ne. Waigi kyauta ne. Jijjigawa kyauta ce. Abin da ya yi ƙaranci ba kuɗi ba ne, daraja ce da ake ba wanda ke shiga ƙarƙashin. Ku lura da kyau, oga ba ya cika shiga, mai mota ba ya shiga, direba ba ya shiga. Wanda ake turawa shi ne mafi ƙanƙanta, don shi ne zai iya kutsawa, kuma shi ne ba shi da bakin cewa a'a. Ubansa ya kawo shi ya damƙa amana, ya ce ga shi nan a koya masa sana'a. In ya ce, "Oga, bulon nan fa kamar ya tsage," amsar da zai samu ita ce, "Kai matsoraci ne, yaushe ka zo?"

Mu kuwa muna da bakin magana. Yawancinmu a nan 'ya'yan direbobi ne, ƙannen bakanikai, maƙwabtan masu faci. Ga makarantar nazarin muhalli ta Kano Poly a Gwarzo, ga makarantar da a da take kwalejin fasaha ta tarayya a Kabo, duk a kan hanya ɗaya da garejojin nan. Kowace shekara muna rubuta furojet, a yi masa bango mai kyau, a jera a kanta, ƙura ta ci. Me zai hana wasu 'yan gini su karɓo bulo daga gidajen bulo daban-daban, su matse shi a injin gwaji a kwance da a tsaye, da bakin ƙarfe a kansa, su ɗauki bidiyon yadda yake tarwatsewa? Bakanike ba zai karanta rahoto ba, amma zai kalli bidiyon daƙiƙa 20 a waya. Me zai hana masu karatun ƙere-ƙere su zana turke mai sauƙin kuɗi wanda mai walda na gari zai iya haɗawa, su gwada shi da ninkin nauyin da za a rubuta a jikinsa kafin ya fita? Na ce a gwada, don turken da aka haɗa da siririn rodi da walda ta jeka-na-yi-ka shi ma bulo ne da ya sa rigar ƙarfe. Bakanikai suna da ƙungiyarsu ta NATA, suna da shugabanni, suna taro. In aka je musu da ladabi, aka gaishe su a matsayin iyaye, aka nuna musu abin a aikace, za su saurara. Irin su Kawu suna da yawa a cikinsu, su ma za su taya mu magana.

Abokina mai Golf dai ya haƙura da soso, ya kuma haƙura da bulo. Kafinta ya yanko masa katako mai kauri, muka jera biyu-biyu a gicciye a kusurwa huɗu, muka jijjiga, ko gezau. Ya tura wa maigadin gidan saƙo cewa kada a bar yara su yi wasan ɓuya a ƙarƙashi.

Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, gobe in kun kai mota gyara, taku ce ko ta gida ko ta haya ce kuke ciki, ku ɗan sunkuya ku ga abin da take zaune a kai. In bulo ne, ku yi magana. Ba sai da faɗa ba. "Oga, don Allah a tura tayar nan ƙarƙashi kafin yaron ya shiga, ni zan jira." Wataƙila a harare ku, wataƙila a ce 'yan boko sun zo da iyayi. Ba komai. Harara ba ta karya ƙashi, yaron kuma shi ba zai iya faɗa da bakinsa ba.